Wasiƙun Ayishetu Daga Kumasi

A shekarun da aka buɗe makarantun firamare ko'ina, har azuzuwa suka fi malamai yawa, mutanen Gana da dama sun tsallako Nijeriya neman aikin koyarwa. Cikinsu akwai Malam Gariba Mumuni, ɗan Zangon Kumasi. An tura shi wata makaranta a hanyar Bukuru, shi kuma ya kama ɗaki a Dilimi cikin garin Jos, gidan Alhaji Haladu tela. Dogo ne siriri, mai son tsari har abin ya yi yawa, irin mutumin da zai goge wandonsa ko da masallacin ƙofar gida zai je. Hausa ce harshensa na gida, amma Hausar Zango, wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji, kowa "ya" ne. Da a Kano ne da an yi masa dariya. A Jos kuwa rabin gari haka suke magana, don haka ba wanda ya ɗaga kai.

Ya baro matarsa Ayishetu da ciki a gidan mahaifiyarta. Ta yi makaranta, rubutunta ma ya fi nasa kyau, saboda haka suka rabu a kan cewa zai riƙa rubuto mata duk mako, ita ma tana mayar masa da amsa. A lokacin da suke wannan alkawari a tashar mota, gani suke kamar sun gama da matsalar nisa.

Akwatunan babban gidan waya na cikin gari duk an kama su tun zamanin Turawan kuza, ana gadonsu kamar gona. Wanda bai gada ba sai ya nemi wakili a unguwa. Wakilin layin su Alhaji Haladu shi ne Oga Anayo, mai kantin kayan masarufi, wanda a gefen kantarsa yake sayar da kan sarki da ambulan. Yana da ɗan sikeli, da hatimi, da wani tsohon kwalin madara. A cikin kwalin nan wasiƙu masu tafiya da masu zuwa suke kwana tare. Idan tayar kekensa da iska, kuma akwai wanda zai tsare masa kanti, sai ya kai jaka cikin gari ya karɓo wata. Ba kasafai abubuwan nan biyu suke haɗuwa rana ɗaya ba.

Malam Gariba ya riƙe alkawarinsa. Kowace Lahadi yakan zauna bakin taga, ya lulluɓa da bargo don sanyin Jos bai taɓa yi masa sassauci ba, ya cika shuɗiyar takardar nan ta jirgin sama har gefe da gefe. A wasiƙa ta biyu ya zaɓi sunaye: in namiji ne Fuseni, in mace ce Zenabu. Kowace rana kuma, da ya sauko daga motar Bukuru, kafin ya shiga gida sai ya biya kantin. Oga Anayo yakan ɗaga kwalin, ya juya takardun da yatsa ɗaya yana ba wani canji da ɗayan hannun, sannan ya girgiza kai. Akwai wasiƙar wani direba da ya koma Kafanchan tuntuni, akwai ta wani tsoho da aka yi sadakar arba'in ɗinsa, akwai katin Kirsimetin bara. Ta Malam Gariba ce dai babu.

Da wata biyu suka wuce, ya tambaya ko dai wasiƙun ɓacewa suke yi. Oga Anayo ya ji zafin tambayar kamar an zagi wani nasa.

"Ticha," in ji shi, "wasiƙa ba ya ɓata. Yana hutawa ne a hanya."

Ya yi masa bayani dalla-dalla cewa daga nan sai ta je Ikko, a Ikko kuwa ko mutum mai ƙafa biyu sai ya sha wuya kafin ya fita, balle takarda. Daga can sai ta jira jirgi, jirgin kuma sai ya cika. In ta sauka Akra, wannan kuma tsakanin Malam Gariba ne da mutanen ƙasarsu. Duk inda laifin yake, in ji shi, ba a Dilimi yake ba.

Wata rana da yamma ya hango Oga Anayo tun daga nesa yana ɗaga masa shuɗiyar takarda. Malam Gariba, wanda bai taɓa yin gudu a titi ba, ya tsallake kwata biyu. Da ya karɓa sai ya ga rubutun hannunsa. Wasiƙarsa ce ta uku ta dawo, bayanta cike da hatimai. Ya tsaya yana karanta su ɗaya bayan ɗaya, ya ga ta je Gambiya, ta ɗan zauna can, wani mai kirki ya rubuta cewa ba su da Kumasi a ƙasarsu. Oga Anayo ya ce ai ga shaida nan, ba ta ɓata ba. Ya ƙara da cewa in ana so ta sake tafiya sai an sayi sabon kan sarki, don wancan ta cinye shi.

Lokacin haihuwa ya zo ya wuce a lissafinsa, shiru. Ya daina cin abincin kirki. A aji sai ya rubuta tambaya a allo ya manta da ita. Alhaji Haladu, da ya ga mutumin yana ramewa ga shi dama ba nama, ya ba shi shawarar ya buga waya, wato telgiram. Malam Gariba ya nemi izini wurin hedimasta ya tafi cikin gari, ya bi layi har ƙafarsa ta yi sanyi. Da ya ji cewa kowace kalma da kuɗinta, sai ya yi ta yanke gaisuwa, ya yanke addu'a, ya yanke sunan surukarsa, har saura kalma biyu: an haihu? Ma'aikacin ya karɓa ya ce gobe-gobe za ta isa. Amsa ba ta zo ba.

Daga nan ne ransa ya ɓaci sosai. Ya zauna ya rubuta takardar koke shafi uku zuwa ga manyan harkar wasiƙu, da Turanci mai nauyi irin wanda yake ajiyewa don ranar baƙi. Ya karanta wa Alhaji Haladu, wanda bai ji ko kalma ɗaya ba amma ya ce lalle wannan in ta isa sai an kori wani. Sai da ya liƙe ambulan sannan ya tuna ba shi da hanyar aika ta sai ɗaya. Oga Anayo ya karɓa da hannu biyu, ya ɗora a sikeli, ya ce ta yi nauyi sai an ƙara kan sarki, ya buga mata hatimi da kyau, ya sa ta cikin kwalin madara.

Damina ta kusa ɗaukewa sannan wasiƙar Ayishetu ta farko ta iso, wadda a gaskiya ba ita ce ta farko ba, don ta fara ne da cewa kamar yadda ta faɗa masa a wasiƙun baya. Tsaye ya karanta ta a bakin kanti. Tana lafiya. Sabulu ya yi wuya a Kumasi, madara sai a bayan fage, sukari kuwa an manta kamanninsa. Jariri ya fara zama, yana da ƙiba, ya ɗebo kunnuwan babansa. Daga nan sai gaisuwa ga mai gidan haya.

Malam Gariba ya yi hamdala, ya share ido da hankici. Sai da ya kai ƙofar gida sannan ya tsaya cak, ya sake buɗe takardar. Ba suna. Ta riga ta faɗi sunan a wata wasiƙar da ke hutawa a wani wuri. Kalmar "ya" kuwa, a bakin Ayishetu, ba ta nuna komai, don ko mahaifiyarta "ya" take ce mata.

Maganar ta zama abin muhawara a shagon ɗinki har kwana da kwanaki. Alhaji Haladu ya ce shi bai san wata Hausa da za a ce wa 'ya mace "ya fara zama" ba, namiji ne, a yi murna kawai. Bai jira an sa shi ba ya yanka ragowar wani yadi mai kauri ya ɗinka 'yar jamfa da wando da hula. Matarsa Hajiya Tabawa, daga bayan labule, ta ce maza ba su san komai ba. Macen da ta haifi ɗan fari namiji ba za ta cika takarda da zancen sabulu ba, kowane layi sai ta maimaita. Kuma wa yake duba kunnen yaro in ba mai shirin huda shi ba? Malam Gariba ya riƙa bin duk wanda ya yi magana a ƙarshe. In abokan aiki suka tambaye shi me aka samu, sai ya ce an samu lafiya.

Da hutun ƙarshen shekara ya matso, ya yanke shawarar zuwa da kansa. Ya shiga kasuwa ya cika jaka biyu da sabulu, da madarar gwangwani, da sukari, da kifin gwangwani, ya sayi atamfa ta Ayishetu da ta surukarsa. Don abin ya tafi bisa tsari, ya rubuta wasiƙa tun da sauran makonni yana sanar da zuwansa. Ranar tafiya da safe, ya biya kantin ko wani abu ya shigo, sai ya hango wasiƙar tasa kwance a kwali, kusa da takardar kokensa. Tayar keken ce ta sace. Ya ce to a ba shi abarsa, tunda can za shi ya kai da hannu. Oga Anayo ya dafe kwalin ya ce ko kusa, takardar da ta sha hatimi ta zama ta hukuma, kuma shi ba zai karya doka don sabo ba.

Tafiyar ta yi tsawo. Daga Jos zuwa Ikko, daga nan aka riƙa bin bakin teku ana tsallaka iyaka bayan iyaka. A kowace iyaka sai an sauke kaya an buɗe, kuma duk buɗewa sai jakunkunan sun ƙara sauƙin ɗauka. Bai damu ba. Yana ta shirya abin da zai faɗa in ya shiga gida, da yadda zai ɗauki yaron, ko yarinyar, ba tare da an gane cewa bai sani ba.

Ya isa Zango da hantsi, ya yi sallama. Surukarsa Mma Adiza tana tsakar gida tana tsince wake. Ta ɗago ta dube shi, ta dubi bayansa, ta sake dubansa, sannan ta ajiye faifan a hankali.

"Gariba, ina ka baro su?"

Ya ce su wa? Ta ce Ayishetu mana, da goyonta. Ai satin da ya wuce suka bi motar masu goro zuwa Nijeriya. Ta gaji da jira, ta sayar da keken ɗinkinta ta yi kuɗin mota. Kuma sau biyu ta rubuta masa cewa kada ya motsa in an yi hutu, ga ta nan zuwa.

Malam Gariba ya nemi turmi ya zauna a kai, da gogaggen wandonsa. Aka kawo ruwa ya sha. Da ya dawo hayyacinsa, ya yi ta kewaye-kewaye yana tambayar lafiyar jariri, yadda yake cin abinci, yadda yake barci, ko tsohuwar za ta saki wata kalma da za ta taimake shi. Ita ma "ya" take ta cewa. A ƙarshe dai ya sunkuyar da kai ya tambayi sunan. Mma Adiza ta riƙe haɓa. Ta ce Memuna, sunan mahaifiyarsa, don sun jira sunan da zai aiko har ranar suna ba su gani ba. Takardar da ya ce Zenabu ta iso yarinya tana neman yin haƙori, liman kuma ya ce ba a sake yanka rago don gidan waya ya makara.

Sannan ta shiga ɗaki ta fito da wata 'yar takarda da ta adana a cikin kwano. Ta ce tun da ta zo take son ta tambaye shi ma'anarta. Mai kawo waya ya zo da babur, unguwa ta taru ana zaton mutuwa aka yi, aka buɗe sai aka ga an rubuta: an haihu. Ba alamar tambaya, ta faɗi a hanya.

"Mu da muka yanke cibi," in ji ta, "kai ne za ka bugo waya daga Nijeriya ka sanar da mu an haihu? Ko kuwa can ne aka haifa maka?"

Ya sha rantsuwa kafin ta yarda, kuma ya fahimci cewa wannan tambaya ta biyu tana cikin abin da ya sa Ayishetu ta sayar da keken ɗinki.

Yanzu sai aka rasa abin yi. In ya zauna, wataƙila tana can tana jiransa. In ya koma, wataƙila ita ma ta juyo, su sake wuce juna a wata iyaka. Wani maƙwabci ya ce a rubuta mata wasiƙa. Malam Gariba ya dube shi kawai, mutumin ya tashi ya tafi. Ya kwana biyu, ya gaida dangi, ya bar wa surukarsa abin da ya tsira na sabulu da madara, ya kama hanya. Duk motar goro da suka yi kiciɓis da ita sai ya leƙa ta taga yana duba matan da ke zaune kan buhuna, har wanda ke kusa da shi ya tambaye shi ko an sace masa kaya ne.

Da ya shigo Dilimi, tun daga bakin layi yara suka fara faɗa masa matarsa ta zo. Ya tarar da ita a ɓangaren Hajiya Tabawa tana yanka albasa, kamar wadda ta shekara a gidan. Ashe ranar da ta iso ta ji ya tafi Kumasi, ta ɗaure goyo za ta koma tasha a take. Hajiya Tabawa ce ta ɗauke ƙunshin kayanta ta kulle a ɗaki, ta ce mutum ɗaya a hanya ya isa, in duka biyu suka dinga yawo sai yarinya ta yi aure ba ta ga ubanta ba.

Ayishetu ta gaishe shi a tsugune, da ladabi, amma ba ta dube shi ba. Hajiya ta miƙo masa Memuna. Sanye take da jamfa da wando da hular da Alhaji Haladu ya ɗinka, don kayan da aka zo da su daga Kumasi ba su san sanyin Jos ba. Ya rungume ta, ita kuma ta kama kunnensa ta ja. Sannan ya ce wa matarsa ya rubuta duk Lahadi, Allah ne shaida. Ta ce ita ma. Suka lissafa abin da kowa ya samu, suka ga bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ganin ba wanda za a kama, aka zuba abinci.

Ayishetu ba ta koma ba. Kafin a buɗe makarantu ta fara dafa wake da shinkafa irin na Zango, da baƙin yajin kifi, tana sayarwa a ƙofar gida. Direbobi da makanikai suka gane wurin, har mahauta daga unguwar Abattoir suna biyowa da safe. Malam Gariba ya fara cikowa, ya daina manta tambaya a allo, ya kuma daina biyawa ta kanti.

Sai wasiƙun suka fara isowa. Ko wani ne a Ikko ya buɗe wani ɗaki da aka daɗe da kullewa, Allah masani, amma duk 'yan kwanaki sai Oga Anayo ya aiko a ce Ticha ya zo. Ba bisa jeri suke zuwa ba. Yau ta zancen sayar da keke, jibi ta sanarwar haihuwa. Ayishetu takan karɓa ta karanta da kanta bayan la'asar, yana zaune. Ranar da ta haihuwar ta zo, ta yi kuka ta yi dariya, ta dafa kaza. Amma ba duka ne irin wannan ba. Akwai waɗanda ta rubuta a watannin da take zaton ya manta da ita, da wadda ta rubuta ranar da wayar nan ta zo. Takan fara karatun tana murmushi, tana cewa ji abin da na rubuta. Kafin ta kai tsakiya murmushin ya tafi. In ta kai ƙarshe sai ta ninke takardar, ta ce ai kuwa gaskiya ta faɗa, ta tashi ta bar masa wurin. Yakan bi ta yana tuna mata an riga an warware wannan magana. Sai ta ce a lokacin da ta rubuta ba a warware ba, kuma shi yanzu ya ji, don haka yanzu zai amsa.

Bayan faɗa na uku a kan laifin da bai yi ba, Malam Gariba ya tafi kanti, ya jira masu saye suka ragu, ya rage murya. Ya roƙi Oga Anayo, in wata shuɗiyar takarda ta sake zuwa daga Kumasi, ya bar ta a kwali kawai, ba gaggawa.

Oga Anayo ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce shekara da shekaru yana wannan aiki ba wanda ya taɓa neman ya riƙe wasiƙar mutum da gangan, kuma bai zaci malamin makaranta ne zai fara ba. Don ya wanke sunansa, daga ranar ya sa aka yi wa kekensa faci, ya sayi famfo. Duk takardar da ta zo da kan sarkin Gana, ranar da ta zo yake kawo ta gida da kansa, ya miƙa wa Madam hannu da hannu. Ita kuma takan zuba masa wake da shinkafa da yaji mai yawa. Yakan zauna a benci ya ci a natse, ya sha ruwa, ya ce wa Ticha sai an jima, ya hau kekensa kafin ta kai tsakiyar shafi.